Na Nemi Rasit a Taro, Ya Ɗaura Mini Yaƙi da Murmushi

Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar sakandare ne, kuma shekara uku ke nan ina sakataren kwamitin ci gaban unguwarmu. Bara muka tara kuɗi gida-gida domin haƙa rijiyar burtsatse, aka damƙa su a hannun shugaban kwamiti, magidanci mai fara'a da daɗin baki wanda ya girme ni da kusan shekara goma. Da aikin ya tsaya a rabi, sai na miƙe a taro na nemi a kawo rasit da bayanin yadda aka kashe kuɗin. Bai ɗaga murya ba, murmushi ya yi, har ya gode mini. Amma kafin mako biyu ya bi dattawan unguwa ɗaya bayan ɗaya yana gaya musu cewa ni na karɓi na goro a hannun mai haƙa rijiyar, shi ya sa nake hayaniya don in rufa wa kaina asiri. Ya je wurin surukina ya ce yana tsoron kaina ya taɓu. Sannan ya tare ni bayan sallar isha'i ya gaya mini cikin sanyin murya cewa shugaban makarantarmu amininsa ne, kuma kalmarsa ɗaya ta isa a raba ni da wurin. Washegari ya rungume ni a gaban jama'a yana cewa "ƙanena". Daga baya na gano cewa ma'ajin da ya ajiye aiki a shekarun baya irin wannan ce ta kore shi. Wani abokina da ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam ya ce mutumin saikofat ne. Yanzu barci ya ƙaurace mini. Shin gaskiyar abokina ce? In tashi a taro mai zuwa in faɗa wa jama'a wannan suna domin su san da wa suke zaune, ko kuwa in ajiye muƙamin in tsira da mutuncina?

Daga wani malami a Funtuwa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rungumar nan ta washegari, domin na san irin ruɗanin da take jefa mutum a ciki: ka kwana da barazana a kunnenka, gari ya waye a kira ka ƙane a gaban mutanen da za ka so su gaskata ka idan ka ba su labari. Bari in fara da abin da ba ni da shakka a kansa. Neman rasit a kan kuɗin jama'a aikinka ne, don irinsa ake naɗa sakatare, kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba. Sai dai bakinka kaɗai na ji, ban ji na shugaban ba, saboda haka duk abin da zan faɗa na gina shi ne a kan cewa abubuwan sun faru yadda ka bayyana su. Amsata a taƙaice ita ce kada ka furta wannan suna a taro, kuma kada ka ajiye muƙamin a yanzu. Dalilan suna da ɗan tsawo, kuma sai na fara da kalmar da abokinka ya ba ka, domin na ga ta zauna maka a zuciya har ta fi maganar rijiyar nauyi.

Saikofat ba mahaukaci ba ne a ma'anar da muka sani, wato wanda ke jin muryoyi ko yake magana ba kan gado. Tun a 1801 likitan Faransa Philippe Pinel ya yi bayanin wasu marasa lafiya da hankalinsu ke daidai, suna magana da lissafi kamar kowa, amma ayyukansu cike suke da ɓarna. Wanda ya zana hoton da ake amfani da shi har yau shi ne Hervey Cleckley, likitan ƙwaƙwalwa a garin Augusta na jihar Jojiya a Amurka, cikin littafin da ya fitar a 1941, wanda ma'anar sunansa ta yi kusa da "fuskar aro ta lafiyar hankali". Mutanen da ya bayyana suna da fara'a da iya magana, ba su cika firgita ba, suna yin ƙarya ba tare da muryarsu ta yi rawa ba, ba sa jin kunya ko nadama, ƙaunarsu ba ta da zurfi, kuma ba sa ɗaukar darasi daga abin da ya same su. Mu kan ce labarin zuciya a tambayi fuska, to waɗannan su ne mutanen da karin maganar ba ta aiki a kansu. Idan zan ba abin suna da Hausa, sai in ce ƙeƙashewar zuciya, domin a nan ne asalin matsalar take: mutum ya san abin da ke cutar da wani, zai ma iya bayyana shi dalla-dalla, amma sanin ba ya taɓa shi har ya hana shi aikatawa.

Kada ka ɗauka cewa wannan hali na ƙasashen Turawa ne kawai. Wata masaniya mai suna Jane Murphy, wadda ta yi bincike tsakanin Yarabawan yankin Abeokuta da kuma mutanen wani tsibiri a Alaska, ta wallafa a 1976 cewa kowace al'umma daga cikin biyun tana da suna ga irin wannan mutum. Yarabawa suna cewa "arankan" ga wanda ke bin son ransa ba tare da kula da kowa ba, mai taurin kai da mugun nufi, su kuwa mutanen tsibirin suna cewa "kunlangeta" ga wanda ke ta ƙarya da zamba da sata, ana kai shi gaban dattawa ana tsawata masa amma tsawar ba ta shiga. Masu maganin gargajiya na al'ummomin biyu ba su ɗauki abin a matsayin ciwon da za su iya warkarwa ba. Mu ma muna da namu kalmomin: mukan ce wane ba shi da imani, mukan ce Musa a baki Fir'auna a zuci. Ke nan abin da kake zargi ba tatsuniya ba ne, akwai irin waɗannan mutane a kowace al'umma.

Amma sanin akwai su daban, nuna wani mutum da yatsa a ce yana cikinsu kuma daban. Ma'aunin da aka fi dogara da shi na Robert Hare ne, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Kanada, wanda ya fara aikinsa a gidan yari, ya fitar da ma'aunin a 1980 kuma aka buga gyararrensa a 1991. Halaye 20 ne a cikin gyararren, ana ba kowanne maki 0 ko 1 ko 2, jimilla 40, kuma a Arewacin Amurka sai mutum ya kai 30 ake sanya shi a wannan rukuni. Ƙwararre ne wanda aka horar yake cike shi, bayan doguwar tattaunawa da mutumin da kuma duba takardun tarihinsa tun daga ƙuruciya, domin an san cewa ba a dogara da abin da irin wannan mutum ya faɗa game da kansa. Ƙiyasin da masana suka fi ambata shi ne kusan mutum 1 cikin 100 a tsakanin jama'a. Abokinka bai zauna da shugabanku ba, bai san yarintarsa ba, labarinka kawai ya ji kamar yadda na ji. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka kansu sun taɓa ƙonewa a kan irin wannan: a 1964 wata mujalla ta tambaye su game da ɗan takarar shugaban ƙasa Barry Goldwater, 1,189 daga cikinsu suka ce hankalinsa bai dace da mulki ba alhali babu wanda ya duba shi, ya kai mujallar kotu ya yi nasara, kuma a 1973 ƙungiyarsu ta haramta wa membobinta yanke irin wannan hukunci a kan fitaccen mutumin da ba su duba ba. Idan likita ya kame bakinsa, mu da ba likitoci ba mun fi cancanta mu kame namu.

Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ke kuskurewa, wato ɗaukar duk wanda ya mayar da martani mai zafi ga suka a matsayin mai ƙeƙasasshiyar zuciya. Yawancin masu tayar da jijiyar wuya idan an soke su kunya ce ke cin su, kuma Hausawa sun riga kowa gane wannan da suka ce tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Mai borin kunya yana ihu, yana rantsuwa, yana iya fita daga taro a fusace, amma bayan kwana biyu za ka ga yana kauce wa haɗa ido da kai, ko ya aiko wani ya ba ka haƙuri a fakaice, kuma wannan kauce wa idon shi ne shaidar cewa zuciyarsa na da rai. Wani kuma ba komai ke damunsa ba illa abin da ya ɓoye, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mutumin da ya taɓa kuɗin jama'a, ko da bashi ya ci da niyyar mayarwa, zai iya yin ƙarya da ƙazafi saboda tsoron tonon asiri, ba tare da yana da wata cuta a halittarsa ba.

Masu bincike sun gwada wannan batu a ɗakin gwaji. A 1998 Brad Bushman da Roy Baumeister sun sa ɗalibai rubuta ɗan gajeren insha'i, sannan aka mayar wa wasu da yabo, wasu kuma da suka mai zafi cewa rubutun yana cikin mafi muni da aka taɓa karantawa. Daga nan aka ba kowa damar aika ƙara mai ciwon kunne ga wanda ya duba masa rubutun. Waɗanda suka fi kowa ƙure ƙarar bayan an soke su su ne masu tsananin ji da kai, masu ganin sun fi kowa kuma dole a yaba musu. A 2010 Daniel Jones da Delroy Paulhus suka sake irin wannan gwaji domin su bambanta masu ji da kai da masu halayen ƙeƙashewar zuciya, sai suka ga cewa zagin rubutu ne ke tunzura na farkon, alhali na biyun ba su cika damuwa da zagi ba, sai an taɓa su a jiki da ƙarar sannan suke ramawa. Ɗalibai ne aka gwada, ba shugabannin kwamiti ba, don haka ba zan ɗora wa sakamakon kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Amma abin da na fahimta daga gare shi ya dace da abin da rayuwa ke nunawa: mai ji da kai sukar ce kanta ke yi masa ciwo, shi kuwa mai busasshiyar zuciya yana auna sukar ne da abin da za ta iya raba shi da shi, kuɗi ko muƙami ko amincewar jama'a, sannan ya zauna ya tsara yadda zai kawar da mai sukar.

A nan ne labarinka ya ba ni tsoro, kuma ba zan ɓoye maka ba. Shugabanku bai fusata a taro ba. Ya gode maka, ya koma gida, ya zaɓi mutanen da maganarsu ke da nauyi a rayuwarka, wato dattawa da suruki, ya bi su da tsari, ya tsorata ka da shugaban wurin aikinka, ya yi barazanar a inda babu shaida, ya yi rungumar a inda shaidu suka cika. Wannan aikin sanyin kai ne, ba na wanda zuciya ta ɗebe shi ba. Tun a 1957 David Lykken ya nuna cewa fursunoni masu irin waɗannan halaye jikinsu ba ya nuna fargaba sosai idan suna jiran a ɗana musu wutar lantarki, kuma ba sa saurin koyon kauce wa abin da ke jawo horo, wanda hakan ke bayyana dalilin da ya sa tsoratarwa da kunyatarwa ba su cika tasiri a kansu ba. Shi kuma salon da ya bi da kai, wata masaniya mai suna Jennifer Freyd ta bayyana shi a 1997: wanda aka tuhuma ya musanta, ya kai wa mai tuhumar hari, sannan ya juya labarin ya zama shi ne aka zalunta. Ka lura cewa zargin da ya jefe ka da shi, cin kuɗin rijiya, shi ne ainihin tambayar da ke kansa. Masu amfani da wannan salo suna da yawa, kuma ba dukansu ne saikofat ba. Abin da zan iya cewa da gaba gaɗi shi ne kana hulɗa da mutumin da ya nuna, sau biyu aƙalla idan labarin tsohon ma'aji ya tabbata, cewa zai iya ɓata sunan wanda ya tambaye shi lissafi ba tare da fuskarsa ta sauya ba. Wannan sanin ya ishe ka ka tsara yadda za ka zauna da shi, ko da wane suna likita zai ba shi.

Addininmu ma ta fuskar ayyuka ya koya mana gane irin wannan. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 204 zuwa ta 206, Allah ya ba da labarin mutumin da maganarsa ke burge mai sauraro, yana kafa Allah shaida a kan abin da ke zuciyarsa, alhali shi ne mafi tsananin husuma, kuma idan aka ce masa ya ji tsoron Allah sai girman kai ya ɗebe shi zuwa ga zunubi. Haka nan a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Amr, cikin ɗabi'u huɗu na munafunci akwai cewa idan mutum ya yi jayayya sai ya yi fajirci, wato ya ƙetare iyaka ya shiga ƙarya da cin mutunci. Na kawo waɗannan ne domin ka ga an san halin tun da daɗewa, ba domin ka sauya kalmar saikofat da kalmar munafuki ba. Abin da ke cikin zuciyarsa Allah ne ya bar wa kansa sani. Kai abin da ke hannunka shi ne abin da ya faɗa, da ranar da ya faɗa, da wanda ya ji.

To, me ya sa na ce kada ka furta sunan a taro? Domin ranar da ka furta shi, ka ba shi kyautar da yake nema. Ya riga ya shuka a kunnen surukinka cewa kanka ya taɓu, kuma ya gaya wa dattawa cewa hayaniya kake yi. Idan ka miƙe jikinka na rawa ka kira dattijon unguwa da wata kalmar Turanci da yawancin mahalarta ba su sani ba, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce ya yafe maka, to taron zai watse ana maganar rashin kunyarka, babu mai sake tuna rasit. Kuma ka cire rai da cewa wata magana taka za ta farkar da shi ya ji nauyi ya nemi gafara. Mutane da yawa sun ƙarar da shekaru suna neman jimlar da za ta ratsa zuciyar irin wannan mutum, kuma kowane bayani da suka yi masa na yadda ya cuce su ya zama masa taswirar inda zai sake dukansu. Ka daina gaya masa damuwarka, ka daina tsayawa da shi ku biyu, kuma idan ya tare ka ka ce masa cikin ladabi, "Yaya, maganar kwamiti a bar ta sai an zauna." Ka ci gaba da gaishe shi yadda ake gaishe da na gaba. Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sassauta magana ga wani mutum da ya riga ya bayyana muninsa, kuma da ta tambaye shi sai ya ce mafi sharrin mutane shi ne wanda jama'a suka ƙyale don gudun sharrinsa. Sassauta harshe ga mai sharri ba yarda da shi ba ne.

Ƙarfinka yana cikin takarda, kuma a nan ne mai daɗin baki ya fi rauni, domin ana iya juya magana amma ba a iya yi wa lissafi murmushi ya sauya. Ba banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta zama umarni ne da rubuta bashi da kafa shaidu. Ka samu littafi ka rubuta abin da ya faru tun daga ranar taron, kwanan wata da wuri da waɗanda ke nan, har da maganar bayan isha'i kalma da kalma yadda ka tuna ta, kuma ka adana duk wani saƙon waya da ya turo maka. Ka tattara abin da ke hannunka a matsayin sakatare: jerin gidajen da suka ba da kuɗi da adadin da kowa ya bayar, da bayanan tarurrukan da aka yi. Sannan ka nemi mutum uku ko huɗu daga cikin waɗanda suka ba da kuɗinsu, musamman masu shekaru, ku rubuta takarda ɗaya ku sa hannu tare, kuna roƙon a naɗa mutum biyu daga wajen kwamiti su duba asusun. Kada takardar ta zargi kowa. Ta nemi abubuwan da ake iya gani da ido: takardar banki idan akwai asusu, yarjejeniyar da aka yi da mai haƙa rijiya, nawa aka biya shi, mita nawa ya haƙa, me ya rage. Ka rubuta a ciki cewa a fara binciken da kai, a tambayi mai haƙa rijiyar a gaban kowa ko ya taɓa ba ka ko sisi. Wannan layi ɗaya zai kashe ƙazafin fiye da rantsuwa goma. Ku kuma nemi a kafa ƙa'idar cewa daga yau kuɗin kwamiti ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu ko uku, ƙa'idar da za ta hau kan duk wanda zai riƙi shugabanci nan gaba.

Mutanen da ya bi, kai ma ka bi su, amma sau ɗaya kuma a taƙaice. Ka je wurin surukinka da kanka, ka zauna a natse, ka ce, "Baba, na nemi lissafin kuɗin rijiya ne, ga takardar da muka rubuta, kuma na roƙi a fara bincike da ni." Natsuwarka a gabansa ita ce amsar maganar taɓin hankali. Shugaban makarantarku ma ka riga shi zuwa: ka sanar da shi cewa akwai saɓani a kwamitin unguwa a kan lissafi, kuma mai yiwuwa ne wata magana ta iso gare shi. Ba sai ka zagi kowa ba. Sau da yawa amincin da irin waɗannan mutane ke taƙama da shi da manya bai kai yadda suke faɗa ba, kuma ko ya kai, ka kiyaye aikinka a wannan lokaci, zuwa a kan kari da cika rajista, don kada a sami tsagar da ƙadangare zai shiga. Tsohon ma'ajin kuwa ka ziyarce shi, ka saurari labarinsa da kunnen mai tantancewa, ka tambaye shi ko yana da wata takarda da ta rage a hannunsa. Idan ya ce ba ya son a sake ambaton sunansa, ka mutunta hakan, domin shi ya san abin da ya sha.

Ina so in ja kunnenka game da sulhu, domin na tabbata za a kira ku. Liman ko mai unguwa za su zaunar da ku da kyakkyawar niyya, kuma abin da aka saba shi ne a ce wa ƙarami ya ba babba haƙuri, a yi addu'a, a tashi. Irin wannan sulhu yana gyara tsakanin mutum biyu da dukansu ke jin nauyi, amma idan ɗaya ba ya ji, to ribar tasa ce shi kaɗai: zai fi kowa kyawun magana a zaman, mai yiwuwa har da hawaye, sannan a tashi an binne maganar rasit da sunan zaman lafiya. Ka je idan an kira ka, ka girmama dattawa, kuma ka raba abu biyu a gabansu. Abin da ya yi maka kai kanka, haƙƙinka ne, kana iya yafewa idan ka ga dama. Kuɗin rijiya kuwa na gidajen unguwa ne, har da na zawarawa da masu ƙaramin ƙarfi da suka tsakuro daga kuɗin cefane, kuma ba ka da ikon yafe shi a madadinsu. Ko ka yafe naka, yafiya ba ta wajabta maka sake amince masa, tunda ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya.

Akwai tambayar da ya kamata ka yi wa kanka tsakaninka da Allah. Kafin ka miƙe a taron, ka taɓa samunsa a keɓe ka nemi lissafin? Kuma da wace irin murya ka yi tambayar? Idan ka ga akwai gatse ko kaushi a yadda ka yi magana ga wanda ya girme ka, ka ba da haƙuri a kan lafazin a gaban dattawa, da zuciya ɗaya, sannan ka maimaita buƙatar lissafin a numfashi na gaba. Wannan ba zai wanke abin da ya yi ba, domin babu kaushin harshen da ya halatta ƙazafi da barazana, amma zai cire masa sandar da yake dogarawa. Idan kuma barazanar ta ƙaru, ko ta taɓa iyalinka, ko aka yi yunƙurin taɓa aikinka da gaske, to lokacin lallashi ya wuce. Ɓata suna da tsoratarwa da cin amanar dukiya duk laifuffuka ne a dokokin jihohin Arewa, kuma lauya zai gaya maka ƙofar da ta dace, littafin nan da ka rubuta kuma shi ne abu na farko da zai nema.

Rashin barcinka ma ban ɗauke shi ƙaramin abu ba. Wanda aka yi wa ƙazafi yakan kwana yana maimaita zancen a ransa, yana shirya amsoshin da ba za a taɓa ba shi damar faɗa ba. Ka gaya wa maiɗakinka abin da ke faruwa tun kafin ta ji daga gidansu, ka zaɓi aboki ɗaya mai riƙon sirri wanda za ka riƙa sauke masa nauyin, ka daina bin diddigin wa ya ce me a majalisa. Idan rashin barcin ya wuce makonni, ko ka ga abinci ya fita ranka, ko koyarwa ta fara gagararka, ka ga likita ba tare da jin cewa hakan ya gaskata maganar da aka kai wa surukinka ba.

Ajiye muƙami kuwa yana da lokacinsa. Idan ka sauka yau, za a ce ka gudu ne saboda an gano ka, kuma shi zai fi kowa yaɗa hakan. Ka tsaya har a karanta takardarku a taro a rubuta ta cikin bayanan zama. Idan aka naɗa masu bincike, ka ba su duk abin da ke hannunka ka koma gefe ka bar su su yi aikinsu, ko da sakamakon zai nuna cewa kuɗin suna nan kuma jinkirin daga mai haƙa rijiya ne, wanda a lokacin sai ka faɗi hakan a fili kamar yadda ka yi tambayar a fili. Idan kuwa jama'a suka ƙi binciken suka zaɓi su ci gaba da tafiya a haka, to ka rubuta takardar sauka mai layi uku ko huɗu, ka ambaci cewa ka nemi a duba asusu a rana kaza ba a yi ba, ka miƙa littattafan kwamiti a gaban shaidu biyu su sa hannu cewa sun karɓa cikakku, ka riƙe kwafin komai a gidanka. Ka rubuto mini bayan taron in ji yadda aka karɓi takardar, da kuma ko mai haƙa rijiyar ya amsa kiran.